Alex Haley da "Ga Ta Nan" Ɗin da Bai Faɗa Ba

Makonni kaɗan da suka wuce na halarci sunan ɗan wani ƙanena. Bayan liman ya shafa fatiha, an raba goro da dabino, muka koma ƙarƙashin rumfa muna jiran abinci, sai wani saurayi daga cikin 'ya'yan 'yan'uwa ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi wannan." Guntun wani tsohon fim ne. An ɗaure wani saurayi baƙar fata hannuwansa sama, ana zuba masa bulala, Bature yana tsaye yana neman ya amsa sunan Toby, shi kuwa yana ta maimaita cewa sunansa Kunta Kinte, har ƙarfinsa ya ƙare. Yaron ya ce mini wannan tarihi ne tsantsa, domin jikan jikan mutumin ne ya bi sawu har ƙauyensu a Gambiya ya tabbatar da komai.

Kafin in buɗe baki, wani dattijon malamin makaranta da ke zaune kusa da mu ya ce, "Ɗana, rabu da wannan. Ƙarya ce tun daga farko har ƙarshe. Shi marubucin ma sai da aka kai shi kotu saboda satar rubutun wani."

Maganganun nan biyu sun tsaya mini a rai, domin kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ne ya jefar da ɗaya rabin. Abin da nake gani game da Alex Haley, marubucin Amurka da ya rubuta littafin Roots wanda daga shi aka yi wannan fim, shi ne wannan: salsalar da ya ce ya gano ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma ya ɗauki rubutun wani ya zuba cikin nasa, waɗannan laifuffuka ne da bai kamata masoyansa su ɓoye ba. Duk da haka littafin yana cikin manyan ayyukan da aka yi a ƙarni na 20 kan bautar da 'yan Afirka a Amurka, kuma wanda ya ce a jefar da shi bai auna abin da zai yi asara ba. Babban kuskuren Haley shi ne sunan da ya raɗa wa aikinsa. Ya rubuta ƙagaggen labari mai ƙarfi a kan tubalin tarihi na gaskiya, sa'an nan ya miƙa wa duniya a matsayin tarihin gidansu da aka tabbatar.

A al'adarmu wannan iyaka a fili take. Tsohuwa idan za ta yi wa jikoki tatsuniya sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "ta zo mu ji ta," kuma idan ta gama ta rufe da "ba don gizo ba da na yi ƙarya." Babu mai kiran ta maƙaryaciya, domin ta sanar tun daga bakin ƙofa cewa ɗakin da za a shiga na hikima ne. Amma idan tsohuwar nan ta zaunar da kai ta ce, "Kakanka daga gari kaza ya zo, sunan ubansa wane," to wannan magana ce da za ka ɗauka ka ba 'ya'yanka, kuma nauyinta daban ne.

Mutumin da ya iya saurare

An haifi Haley ranar 11 ga Agusta, 1921, a garin Ithaca na jihar New York, amma ƙuruciyarsa ta farko a Henning ya yi ta, wani ƙaramin gari a jihar Tennessee, a gidan kakarsa ta wajen uwa, Cynthia Palmer. Yakan ba da labarin yadda kakar da 'yan'uwanta mata suke zama a barandar gidan da daddare lokacin zafi, kowace a kan kujerarta mai lilo, suna tisa labarin magabata, shi kuwa yana rakuɓe bayan kujerar kakarsa yana ji. A yadda ya faɗa, labarin yakan gangara har ya kai ga wani da suke kira "mutumin Afirka," wanda ya ce sunansa Kinte, yake kiran kogi "Kamby Bolongo," kuma aka kama shi sa'ad da ya shiga daji saran icen da zai sassaƙa ganga.

A 1939 ya shiga rundunar masu gadin gaɓar tekun Amurka, a matsayin yaron da ke hidimar abincin hafsoshi, domin a zamanin nan kusan iyakar gurbin da ake bar wa baƙar fata ke nan. A cikin jirgi ya koyi sana'ar marubuci, yana rubuta wa abokan aikinsa wasiƙun soyayya zuwa ga 'yan matansu, yana kuma aika gajerun labarai ga mujallu ana dawo masa da su shekara da shekaru. Ya yi shekara 20 a rundunar, ya bar ta a 1959 yana babban jami'in yaɗa labaranta. Daga nan ya shahara da doguwar hira da manyan mutane: mabushin ƙaho Miles Davis a 1962, sai ɗan dambe Muhammad Ali, da jagororin fafutukar 'yancin baƙar fata Malcolm X da Martin Luther King.

Ina so a tsaya a kan littafinsa na farko, tarihin rayuwar Malcolm X da ya fito a 1965, shekarar da aka harbe Malcolm, domin a nan ne ake ganin baiwar Haley tsirara. Ya zauna da mutumin fiye da sau 50. A zaman farko-farko Malcolm ba ya faɗin komai sai wa'azin ƙungiyarsa ta Musulmi baƙar fata, har Haley ya fara fid da rai. Wani dare, da Malcolm ya miƙe yana kai da kawo a ɗakin, Haley ya ce masa ya ba shi labarin mahaifiyarsa. Mutumin ya tsaya cak, sa'an nan ya fara magana bai daina ba sai wajen asuba. Haley ya kuma lura cewa Malcolm yana da ɗabi'ar zane-zane da rubuce-rubuce a kan duk guntun takardar da ke gabansa yayin da yake magana, don haka ya riƙa ajiye masa takardun goge hannu kusa da kofin gahawa, idan ya tafi ya tattara su ya karanta abin da ke ransa.

Abin lura shi ne a wancan littafi an bayyana wa mai karatu wanda ya faɗa da wanda ya rubuta, kuma Haley ya ƙara dogon bayani a ƙarshe yana nuna yadda aka yi aikin, da wuraren da suka yi ja-in-ja. Ke nan ya san yadda ake tsayar da iyaka tsakanin ruwaya da ƙari. Wannan ne ya sa ba na karɓar uzurin cewa a Roots rashin sani ne ya ɗebe shi.

Abin da ya ce ya gano

Roots ya fito a 1976, bayan shekara 12 da Haley ya yi yana fama da shi. Labarin ya fara da haihuwar Kunta Kinte a 1750 a ƙauyen Jufure na ƙabilar Mandinka, a bakin kogin Gambiya, ya bi shi zuwa kamu a 1767, da ƙetare teku cikin mari, da gandun wani Bature mai suna Waller a jihar Virginia, inda aka datse masa rabin ƙafa saboda yawan gudu. Daga nan ya bi 'yarsa Kizzy da aka sayar, da ɗanta George mai horar da zakarun faɗa, har zuriya ta gangaro kan Haley kansa.

A babobin ƙarshe ya bayyana yadda ya yi binciken. Masanin tarihin Afirka Jan Vansina ya ce masa kalmomin da ya ji wajen kakarsa sun yi kama da na Mandinka. Ya je Gambiya, aka kai shi Jufure a 1967, inda wani dattijo mai suna Kebba Kanji Fofana ya jero masa asalin gidan Kinte, har ya zo kan wani ɗa mai suna Kunta da ya fita saran ice a zamanin da sojojin sarki suka zo, ba a sake ganinsa ba. Sa'an nan a takardun Ingila da Amurka ya samo jirgi mai suna Lord Ligonier, wanda ya taso daga Gambiya ya isa tashar Annapolis ta jihar Maryland ranar 29 ga Satumba, 1767, da bayi 98 da suka rage da rai daga cikin 140.

Duniya ta girgiza. An ba shi lambar Pulitzer ta musamman, babbar lambar yabon marubuta a Amurka, a 1977. A watan Janairun wannan shekara gidan talabijin na ABC ya nuna fim ɗin dare 8 a jere, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 130 sun kalli wani sashe nasa, fiye da rabin jama'ar Amurka a lokacin.

Inda sarƙar ta tsinke

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san cewa ba daɗin magana ake fara dubawa ba, isnadi ake fara dubawa: wa ya ji daga wa, kuma shin sun haɗu? Idan aka bi isnadin Haley da wannan ido, wuri uku yake tsinkewa.

Na farko shi ne dattijon Jufure. A 1977 ɗan jarida Mark Ottaway na jaridar Sunday Times ta Landan ya je Gambiya ya bi sawun, sa'an nan a 1981 masanin tarihi Donald Wright, wanda ya daɗe yana tattara tarihin baka a yankin, ya buga nasa binciken. Abin da suka samu shi ne Fofana ba ya cikin gidajen da suka gaji riƙon tarihi, waɗanda Mandinka ke kira jali, kuma ruwayarsa takan sauya daga zama zuwa zama. Mafi muni, Haley ya riga ya ba mutanen Gambiya labarin da yake nema dalla-dalla tun kafin a samo masa wanda zai faɗa masa shi. Duk wanda ya halarci biki a ƙasar nan ya san yadda wannan yake. Baƙo ya sauko daga babbar mota, kafin ya zauna maroƙi ya riga ya tambayi direba sunansa da garinsu, kuma cikin ɗan lokaci an haɗa shi da sarakai bakwai. Ba na faɗin haka don raina masu riƙon tarihin baka, domin na gaskiyarsu suna riƙe da abin da babu shi a takarda. Ina cewa ne mai bincike ba ya fara ba da amsa sa'an nan ya yi tambaya, kuma mutumin da ya shafe shekaru yana tatsar gaskiya daga bakin manyan mutane ya fi kowa sanin haka.

Har shi kansa ƙauyen an sauya masa kama. A littafin Jufure wuri ne da ake jin labarin Turawa kamar labarin dodo. A zahiri yana daf da tsibirin James, inda Ingilishi suke da ganuwa tun kusan 1661, kuma yana maƙwabtaka da Albreda inda Faransawa suke kasuwanci. Mutanen wurin sun fi shekara 100 suna ciniki da Turawa kafin 1767, har da cinikin bayi.

Na biyu shi ne takardun Virginia. Gary Mills da Elizabeth Shown Mills, masana binciken nasaba, sun buga sakamakonsu a 1981. Sun tarar lalle gidan Waller suna da bawa mai suna Toby, amma sunansa yana cikin takardunsu tun 1762, shekara 5 kafin jirgin Lord Ligonier ya iso. Mutum ba ya zama a gandun Virginia alhali yana yaro ɗan shekara 12 a Jufure.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo. Harold Courlander, wanda ya yi rayuwarsa yana tattara tatsuniyoyi da al'adun Afirka da na Haiti, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna The African a 1967. Ya kai Haley ƙara cewa ya kwashi wurare da dama daga littafinsa. A watan Disambar 1978, ana cikin shari'a, aka yi sulhu: Haley ya biya dala 650,000, ya kuma amsa cewa wasu sassan littafin Courlander sun shiga nasa. Ya ce daga takardun da mutane suka riƙa miƙa masa a wuraren lacca abin ya shigo ba da saninsa ba. Ko an yarda da wannan bayani ko ba a yarda ba, gumin wani ne ya shiga aljihun wani, kuma haƙƙi ba ya faɗuwa don wanda ya ci shi yana kan kyakkyawar manufa.

"Ai hassadar Turawa ce"

Wannan ce kariyar da aka fi yi masa, kuma shi kansa ya jingina da ita a wasu lokuta. Ba na musun cewa cikin masu sukarsa akwai waɗanda haushin ganin baƙar fata ya tona asirin kakanninsu ne ya motsa su. Amma shekarar 1762 da ke rubuce a takardun gidan Waller ba ta da launin fata. Margaret Walker, wadda ita ma ta kai shi ƙara kan littafinta ko da yake kotu ta kori ƙarar, baƙar fata ce. Henry Louis Gates na jami'ar Harvard, baƙar fata kuma abokin Haley, ya faɗa a 1998 cewa da wuya a ce Haley ya gano ainihin ƙauyen kakanninsa, kuma aikin na basirar ƙirƙira ne fiye da binciken tarihi. Idan kullum za mu amsa hujja da tambayar launin wanda ya kawo ta, to mun koya wa 'ya'yanmu cewa gaskiya tana da dangi, kuma ranar da hujjar take hannunmu za a amsa mana da irin wannan amsa.

"To, a jefar da shi mana"

A nan ne nake rabuwa da dattijon malamin, kuma a nan nake so in daɗe.

Sai an san abin da Ba'amurke yake gani game da bauta kafin 1977 sa'an nan za a gane abin da Haley ya yi. Hoton da ya fi zama a zukatan jama'a shi ne na Gone with the Wind, littafin 1936 da fim ɗinsa na 1939, inda bayi suke masu biyayya da son iyayengijinsu, kuma abin kuka shi ne rushewar gidajen masu gandu. Afirka kuwa daji ce ta Tarzan. Yaro baƙar fata yakan tashi da tunanin cewa tarihinsa daga kasuwar bayi ya fara, bayan nan babu komai sai duhu.

Haley ya buɗe littafinsa da suna. Uba ya yi kwana bakwai yana tunanin sunan da zai sa wa ɗansa, a rana ta takwas aka taru, aka yi wa jariri aski, uban ya raɗa masa sunan a kunne kafin kowa ya ji, liman ya yi addu'a. Babi bayan babi, fiye da 30, ya bi yaron yana kiwon awaki, yana karatun allo gaban malami, yana sauraron dattawa suna yanke shari'a, yana ganin yunwar bazara da murnar kaka. Sai da mai karatu ya san uwarsa da ƙannensa, ya san abin da yake buri, sa'an nan aka buga masa kulki a ka. Mu da muke zaune ƙarƙashin rumfar suna a ranar nan babu abin mamaki a wannan hoto. Ga miliyoyin Amurkawa, fari da baƙi, wannan ne karon farko da aka nuna musu cewa wanda aka jefa cikin jirgin nan mutum ne mai suna da addini da karatu, wanda ake jira ya dawo gida cin tuwon dare.

Kuma ginshiƙan labarin gaskiya ne. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen bayi daga Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Jirgin Lord Ligonier ya wanzu, mutum 42 da suka mutu a cikinsa mutane ne. Dokar Virginia ta 1705 ta ba da damar a yanke gaɓar bawan da ya cika gudu. Sayar da 'ya a raba ta da iyayenta abu ne na yau da kullum. Musulmi masu karatu a cikin bayin ma ba ƙirƙirar Haley ba ce. Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a North Carolina, kuma rubutun yana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. Mu ma abin bai tsallake mu ba: a farkon ƙarni na 19 Hausawa da yawa sun faɗa jiragen da ke zuwa Bahia ta Barazil, kuma su ne kan gaba a yunƙurin tawayen bayi na 1807 a can.

Akwai kuma dalilin da ya sa mutum irin Haley ba zai iya cike salsalarsa da takarda ba. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi. Ana rubuta sunan ubangida, a ƙarƙashinsa a jera: namiji, shekara 30, baƙi; mace, shekara 12. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta, akasarinsu suka fara bayyana da suna. Wanda ya goge sunan kakanka da gangan, idan ya dawo yana tambayarka takardar shaida, akwai zalunci cikin tambayar. Wannan rami ba ya cikuwa sai da basirar marubuci, kuma ina ganin halal ne, wajibi ma, a cike shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi irin wannan a Shaihu Umar tun wajen 1934, ya nuna satar yara da ayarin bayi a hamada ta bakin mutumin da ya ƙirƙira, kuma babu wanda ya zarge shi, domin bai ce kakansa ne ba.

Bayan Roots, ɗakunan ajiyar takardun Amurka sun cika da baƙaƙen fata masu neman sunayen magabatansu, iyalai suka riƙa shirya taron zuriya, jami'o'i suka faɗaɗa darussan tarihin bauta. Wannan alheri ya faru, kuma takardar 1762 ba ta soke shi.

"In dai ya yi amfani, mene ne laifin ɗan ƙari?"

Saurayin da ya nuna mini wayar zai iya tambayata haka, kuma tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce ƙarin ya yi ɓarna, kuma a kan abin da Haley yake ƙauna ɓarnar ta faɗa.

Ya ba masu son musanta zaluncin bauta sanda. Yau duk wanda yake so ya rage girman abin sai ya ce, "Ai ko Kunta Kinte ƙarya ne," kuma mai sauraro da bai sani ba sai ya haɗa da jirgin da mutum 42 ɗin ya zubar gaba ɗaya, kamar yadda malamin nan ya yi da kyakkyawar niyya. Ya kuma jawo wa tarihin baka na Afirka tuhuma a daidai lokacin da masana irin Vansina suke ƙoƙarin nuna wa duniya cewa hujja ce idan an bi ta da ƙa'ida. Sa'an nan labarin ya koma gida ya zauna. Jufure ta zama wurin ziyara, Gambiya ta fara shirya bikin tunawa da tushe a 1996, kuma a 2011 an sauya wa tsibirin James suna zuwa tsibirin Kunta Kinte. Ban ga laifin ƙasa ta karrama waɗanda aka kwashe daga gaɓarta ba. Damuwata ita ce abin da ake faɗa wa baƙo a can yanzu daga littafin ya samo asali, kuma wanda ya zo neman abin da mutanen yankin suka sani kafin 1967 zai sha wuya kafin ya rarrabe.

A yi masa adalci: bai ɓoye cewa hirarraki da yawancin abubuwan da suka faru a cikin littafin shi ya ƙaga su ba, har ya ƙirƙiro kalmar da ta haɗa gaskiya da ƙage ya kira aikin da ita. Amma a kan salsalar ya tsaya kai da fata cewa ruwayar gidansu ce da takardu suka ƙarfafa, kuma a jerin littattafan gaskiya aka sayar da shi. Ina jin na fahimci yadda ya kai ga haka. Tun 1964 ya karɓi kafin alƙalami, shekaru suna wucewa, bashi yana hawa, yana yawo gari-gari yana ba da labarin binciken a dandamali, jama'a suna kuka, kuma kowace maimaitawa tana ƙara ɗaure shi da abin da ya riga ya faɗa. Mutumin da ya tsaya a Jufure aka kewaye shi ana miƙa masa jarirai ya riƙe, ana ce masa ɗan'uwa ya dawo, da wuya zuciyarsa ta bar shi ya tambayi dattijon daga ina ya ji. Ina tausaya masa a kan wannan ƙwarai. Amma da ya rubuta a bangon littafin cewa wannan labari ne da ya gina a kan abin da kakarsa ta faɗa da abin da ya faru ga dubban ɗaruruwa, da babu Ottaway ko Mills da zai taɓa shi, kuma ban yarda cewa mai karatu ɗaya zai rage hawayensa a kan Kizzy ba.

Haley ya rasu ranar 10 ga Fabrairu, 1992, a birnin Seattle, aka binne shi a farfajiyar gidan Henning, taku kaɗan daga barandar nan.

Da aka kawo abinci, na ce wa yaron ya nemi littafin ya karanta shi duka, a matsayin labari, sa'an nan na ba shi wani suna ya bincika: Ayuba Sulaiman Diallo, Bafillacen Bundu, ɗan malami. A wajen 1731 ya gangaro kogin Gambiya don ya sayar da bayi biyu, a hanyar komawa aka kama shi aka sayar wa jirgin da ya yi ciniki da shi. A tashar Annapolis aka sauke shi, tashar da Haley ya ce an sauke kakansa shekara 36 bayan haka. Ya yi aikin taba a Maryland, ya gudu aka kama shi, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun wasu manya a Landan, aka fanshe shi, ya koma gida a 1734. Kowane mataki na wannan yana rubuce tun yana raye.

Yaron ya danna wayar, hoton da wani mai zane ya yi masa a Ingila a 1733 ya fito: siririn mutum da farin rawani da farar riga, Alƙur'ani rataye a wuyansa cikin jan gafaka. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya miƙa wa dattijon ya ce, "Malam, wannan fa?" Malamin ya gyara tabarau, ya karɓi wayar da hannu biyu.